Ɗigo Ɗaya Daga Tafkin Titikaka

Madubin ƙara girma guda ɗaya gare mu a makarantar Chucuito,
an ɗaure wuyansa da waya,
kuma ba ya gani sai rana ta leƙo ta taga.
Yara ashirin da bakwai, ido ɗaya.
Sukan yi layi, hannuwa a hammata,
numfashinsu na tashi kamar hayaƙin ɗanyen itace.

Da albasa na fara, kamar kowace shekara.
Na zare yanar nan ta ciki
wadda ba ta kai fiffiken ƙuda kauri ba,
na ɗiga aidin, na kifa gilashi kan gilashi.
Wilber ya duƙa, ya daɗe bai ɗago ba.
Ya ce, Malama, ai ginin tubali ne,
ɗaki jikin ɗaki, babu ƙofa,
kowane ɗaki da mutum ɗaya a zaune.
Na ce cibiya ce.
A cikinta aka adana wasiyyar
da ke gaya wa albasa: ke albasa ce,
kada ki kuskura ki zama dankali.

Sai na raba tsinke,
kowa ya kankari cikin kumatunsa.
Shuni kaɗan.
Nélida ta leƙa nata, ta ɗago rai a ɓace:
Nawa ba su da katanga!
Ga su nan a warwatse kamar tumakin da kare ya kora.
Na ce tsiro ke gina katanga, don ba shi da wurin zuwa.
Mu tantani kawai aka ba mu,
siririn mai gadi da ke zaɓen wanda zai shiga.
Ta ce, shi ya sa muke jin sanyi.
Ban gyara mata ba.

Fermín ne na ƙarshe a layi.
Tun da mahaifinsa ya hau dutsen haƙar zinariya
aka dawo da hularsa kaɗai,
ban ji ya haɗa kalma uku ba.
Ya miƙo mini kwalbar lemo,
ruwan da ya ɗebo da asuba a gindin ciyawar totora,
kore-kore, yana warin laka.

Ɗigo ɗaya.
Ashe gari ne guda, ana ta cin kasuwa.
Ga wata halitta mai siffar tafin takalmi,
ƙwaya ɗaya tak, ba baki irin namu, ba zuciya,
tana tuƙa kanta da gashin da ya fi ƙarfin ƙirge,
ta yi karo, ta ja da baya, ta sake hanya.
Ga wata can gefe, ta lafa.
Ƙugunta na tsukewa
kamar an ɗaure buhu a tsakiya ana ja.

Na bar masa idon.
Ƙararrawa ta kaɗa, sauran suka fice da gudu,
shi bai motsa ba.
Rana ta gusa, na juya masa ɗan madubin ƙasa, haske ya dawo.

Can ya ce, Sun zama biyu.
Na ce, e.
Wacce ce uwar?
Na ce babu uwa, babu 'ya.
To wacce ta mutu?
Babu wadda ta mutu.
Ya yi shiru, sannan ya ce,
To ina ta farkon ta tafi?

Shekara goma sha tara ina riƙe da alli.
Na san sunan rabuwar, na san matakanta,
zan iya zana su a allo ido rufe.
Na buɗe baki, na mayar.

Shi ya ɗaga gilashin da yatsu biyu,
ya ɗauraye shi a hankali cikin kwalbar,
ya murɗa murfi, ya cusa ta cikin riga kusa da ƙirji,
ya gangara wajen tafki.

Da dare ina wanke tukunya
na lura da babban yatsana,
inda wuƙar albasa ta yanke ni da safe.
Bakin ciwon ya soma haɗuwa.
Ba wanda ya nemi izinina.